Shekarar da Na Wanke Kwalaben Babanku

Akwai labarin da kuke bayarwa duk ranar Sallah in an gama cin abinci, kuna dariya har wata ta riƙe ciki. Wai Mama tana amarya ta shiga ɗakin Baba ta tarar kwalabensa sun yi funfuna, sai ta ɗauko soso da sabulu ta wanke su tas tana jiran yabo, ashe aikin shekara huɗu ta zubar a kwata. Ni ma nakan yi dariyar tare da ku. Jikoki ma yanzu sun iya labarin, har da ƙarin gishirinsu. To yau da hannuna ya fara rawa in na riƙe biro, ina so in gyara muku shi kafin ya zama shi kaɗai kuka sani. Ba kuskure na yi ba. In aka cire babanku, babu wanda ya kai ni sanin abin da ke cikin kwalaben nan, kuma da hankalina na wanke su.

Kun san ni 'yar Ƙofar Dumi ce, autar mai ɗinkin hula. Abin da ba ku sani ba shi ne irin yarinyar da nake a lokacin. Jikina yana gida, ina shara, ina tankaɗe, ina kai wa mahaifina Baffa abinci zaure, amma hankalina yana can cikin littattafan soyayyar nan da ake bayarwa haya a bakin kasuwa. A cikin kwallayen jere nake ɓoye su. A littattafan nan namiji da yamma yake zuwa, cikin farar shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi sallama, ya yi magana ƙasa-ƙasa har yarinya ta kasa ɗaga kai. Shi nake jira. Na riga na zaɓa masa murya, na zaɓa masa launin mota. Wanda ya zo kuwa a kan wani tsohon babur ya zo, ƙafar wandonsa duk taɓo, da jaka a rataye tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abokin yayana ne. Ranar da ya shiga gaida Baffa ina laɓe a bayan ƙyaure.

“Malam Isiyaku, me ake taɓawa?” in ji Baffa.

“A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, Baffa. Bincike nake yi a kan naman kaza.”

“Madalla, sana'a mai albarka! Gasawa kake yi ko soyawa?”

Sai da ya yi ta bayani kafin Baffa ya gane ba kazar da ake yankawa ake nufi ba, abin nan ne da ke tsirowa bayan ruwan sama, wanda mu muke kira laimar kwaɗi. Baffa ya ajiye allura, ya dube shi.

“Kuma gwamnati ta san abin da kake yi ke nan?”

“Ita ta sa ni.”

“To, Allah ya kyauta mata.”

Na so in ce ba na yi. Amma da muka zauna a soro sai ya buɗe jakar nan ya fito da wani abu mai faɗin tafin hannu, mai siffar kunne, ja wur, yana sheƙi kamar an shafa masa man ja. Ya ce a jikin wata matacciyar ɗorawa ya samo shi, can gindin dutse a hanyar Dass. Ya miƙo mini ya ce, “Taɓa.” Na taɓa. Samansa santsi, ƙasansa fari fat da ƙananan huda da ba sa ƙirguwa. Ya fara magana a kansa, muryarsa ta sauka, idonsa ya yi laushi, sai na ji irin muryar nan ce da na daɗe ina karantawa. Na ce a raina, mutumin da zai kalli abin da ya tsiro a ruɓaɓɓen itace haka, yaya zai kalli mace? Abin da ya kai ni ke nan.

Aka kai ni unguwar Gwallaga, gidan haya, ɗaki biyu da rumfa. A ƙofar gidan akwai kemis ɗin wata 'yar kudu, Madam Ngozi, ita da iyalinta suna zaune a sashen gaba. Ban cika shekara ba aka shiga yajin aiki, aka garƙame ɗakin gwaje-gwajensu, ba wuta ba ruwa. Malam ya ce in ya bar su a can mutuwa za su yi. Haka ya dinga kwaso su a babur, kaɗan-kaɗan, har ɗakinmu na biyu ya cika. Ya kafa katakai a bango. Madam tana tara mana kwalaben maganin tari da suka ƙare, mu dafa su, mu jera. Kowace kwalba an toshe bakinta da auduga, a ciki kuma wani farin zare yana yaɗuwa kamar gajimare ya sauko ya kwanta. Wata fara sol, wata ruwan toka, wata kamar an yayyafa mata kirfa. In rana ta shigo ta taga da hantsi, ɗakin nan ji nake kamar ba a Bauchi yake ba.

Wata rana na tambaye shi me yake nema a cikinsu.

“Zulai, kin san allurar da ake yi wa mutum in gyambo ya ƙi warkewa? Daga funfuna aka fara samo ta, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana uku.”

“Kai Malam!”

“Wallahi. Amma akwai wasu ƙwayoyin cutar, bairos ake ce musu, ƙanana ne har madubinmu na bincike ba ya nuna su. Su ke kawo ƙyanda, su ke kawo mura, su ke kawo wani irin ciwon hanta. Allurar nan ba ta taɓa su. To ki duba waɗannan bayin Allah. A cikin ruɓa da danshi suke zaune, inda cuta ta fi yawa, kuma suna nan garau. Da me suke kare kansu? Shi nake nema.”

Daga ranar na zama ɗalibarsa. Ni nake zuwa kasuwar Muda Lawal in zaɓo dankalin turawa, in dafa, in tace ruwan, in sa sukari daidai yadda ya auna, don shi ne abincinsu. Na iya dafa kwalabe a tukunyar nan mai fito. Na iya sa siririyar waya a harshen wutar risho har ta yi ja, in bari ta huce, in riƙe numfashina, in ɗebo ɗan zare daga tsohuwar kwalba in kai sabuwa. Ya koya mini cewa duk kwalbar da na ga ɗigon kore a cikinta baƙuwar funfuna ce ta shiga, a fitar da ita nan take, kada a yi mata kara. Shi lamba yake ba su, ni kuwa suna nake raɗa musu. Lamba bakwai, wadda ya tsirar daga jan kunnen nan na ɗorawa, na sa mata Gimbiya. In ta kwana biyu sai ta fitar da wasu ɗigo a samanta kamar raɓa, launin zuma. Nakan tsaya ina kallonsu har tuwo ya kama a tukunya.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙwai. Yana da akwatin katako mai fitila a ciki inda yake ɗumama ƙwan da ɗan tsako ya fara kamawa. Da rana tsaka sai ya rufe ƙofa, ya rataya bargo a taga, ya kira ni. Ya ɗora ƙwai a bakin tocila. Ƙwan ya haska ja kamar fitilar gidan biki, jijiyoyi sun bazu a ciki kamar rassan tsamiya, can tsakiya wani ɗan baƙin ɗigo yana motsi. Kafaɗata tana jikin tasa, muna numfashi a hankali kamar kada mu tashe shi. Yakan sa wa ƙwan cutar nan da ke kashe kaji, wasu ya haɗa musu da ruwan Gimbiya, wasu ya bar su haka. Bayan kwanaki waɗanda aka bari haka sai jijiyoyinsu su dushe, motsi ya tsaya. Na Gimbiya kuwa da yawansu suna nan suna juyi. Ranar da na fara gani na rungume shi na ce shi ke nan, ya samo maganin da duniya ke nema, za a kira sunansa a rediyo, ni kuma in ɗinka leshi.

Ya yi dariya ya ce, “Ƙwai ne fa, Zulai. Daga ƙwai zuwa mutum tafiyar shekaru ce.”

A farkon damina ta biyu ya koma gindin dutsen nan don ya ƙaro jan kunnen. Ya dawo jaka wayam. Masu gawayi sun sare ɗorawar, baƙin rami kawai ya tarar. Ya zaga duk wajen bai ga irinsa ba. Ke nan Gimbiya ba ta da sauran dangi a duniya sai kwalaben ɗakinmu, da ragowar busasshen kunnen da ya adana a gwangwanin biskit. Ku riƙe wannan, don ku san nauyin abin da na yi.

A watan ne kuma aka nemi jini don matar wani abokin aikinsa, ya je bayarwa. Da aka gwada sai aka ƙi ɗiba. Aka ce akwai bairos a hantarsa. Likita ya ce ya huta, ya riƙa zuwa ana duba shi, kuma kada ya sha komai da ba su suka rubuta ba. Ya dawo ya shige ɗakin kwalabe, bai fito ba sai la'asar. Washegari da safe, bayan ya karya, ya ce in miƙo masa cokali. Ina da cikin babbarku wata biyar. Ba zan ɓoye muku ba, ni na riƙe cokalin. Ya tsiyaya ruwan Gimbiya, na kai bakinsa, zuciyata tana bugawa don daɗi. Gani nake mun shiga cikin littafi: masoyi ya kamu da ciwo, maganin kuma yana hannun masoyiyarsa. Kullum cokali ɗaya, ya rubuta a littafinsa. Daga baya ya koma biyu.

Da farin idonsa ya fara sauyawa ya koma ruwan ɗorawa, kun san me na ce? Na ce ai itacen ne. A jikin ɗorawa aka samo ta, dole launin uwarta ya fito a idon mai sha. Har murna na yi, na ce alama ce magani ya ratsa jiki. Shi ya san ba haka ba ne, amma bai gyara mini ba. Abinci ya fita ransa. Ya dinga susa har fatarsa ta yi zane-zane. Wandonsa ya fara zamewa, na ƙara masa huda a bel. Ni dai ina nan ina jiran shafin da jarumi zai miƙe.

Madam Ngozi ce ta tare ni a bakin rijiya. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, da can nakan ƙunshe dariya in tana magana. Ranar ban yi dariya ba.

“Amarya, ajiye guga. Mijinki me tana sha?”

“Magani yake sha, Madam.”

“Wane likita ya rubuta mata?”

Na ajiye gugan, na sunkuyar da kai.

“Wannan abu na cikin kwalba na, ko? Ni na ba ku kwalba, ban ba ku don a sha ba!” Ta dafa ƙirji. “A garinmu muna ci naman kaza, muna sa a miya, uwata ya san mai kyau da mara kyau. Amma ko shi ba ya ba mara lafiya. Ki ji ni. Hanta kamar rariya ne, duk abin da mutum ta sha, shi zai tace. Rariyan mijinki ya riga ya yage, ke kuma kina zuba masa tsakuwa da cokali.”

“Ai launin ɗorawa ne a idonsa, Madam, daga itacen...”

“Wane ɗorawa? Shawara ne! Ki buɗe ido, yarinya. Kina so wannan ciki ya fito ba uba?”

Na koma ɗaki. Na same shi a kwance a tabarma, littafinsa a ƙirji. Na zauna kusa da kansa, na daɗe ina kallon fuskar nan, karo na farko ba da idon littafi ba. Ƙasusuwan kumatunsa sun fito. Leɓensa ya bushe.

“Malam, kai ka ce daga ƙwai zuwa mutum tafiyar shekaru ce.”

“Na faɗa. Shekarun ne ban tabbata ina da su ba.”

“To mu koma asibiti.”

“In na je hana ni sha za su yi. In kuma na tsaya a tsakiya, har abada ba zan san ko tana aiki ba. Wataƙila faɗan ne ake yi a ciki yanzu. Ba ni mako uku, Zulai.”

Na ba shi. Na daina riƙe cokalin dai, ya koma sha da kansa. Mako uku ya cika ya ce in ƙara masa biyu. Na yi tunanin gaya wa Inna, mahaifiyarsa, amma na san jiƙe-jiƙen saiwa za ta ƙaro masa a kan wanda yake sha. Na yi tunanin Baffa, amma na san Malam zai durƙusa ya ce to, ya dawo gida ya buɗe kwalba. Mutum ne mai ladabi da taurin kai a lulluɓe. Ana haka ya fara barci da rana kamar an danne shi. Ya idar da azahar ya tambaye ni ko ya yi azahar. Wata Alhamis na shiga ɗakin na ga ɗigon kore a kwalbar Gimbiya, wadda yake sha daga ciki. Na kai masa har gaban idonsa.

“Malam, duba nan.”

Ya duba, ya juya ta, ya miƙo mini yana murmushi. “Lafiyarta lau. Kin ga yadda ta yi kyau?”

Mutumin da ke hango ɗigon kore daga bakin ƙofa, yau an sa masa a hanci bai gani ba. A nan na san ba shi ke yanke shawara ba kuma, kuma muddin kwalba ɗaya tana gidan nan ba zai taka asibiti ba.

Washegari Juma'a. Ya matsa sai ya je masallaci, wani maƙwabcinmu ya goya shi a babur. Ina jin ƙarar babur ɗin ta ɓace na hura murhu na ɗora babbar tukunya. An yi ruwa da safe, tsakar gida tana ƙamshin ƙasa, rana ta fito fes. Na dinga kwaso su a daro. Da na cire audugar farko wani ƙamshi ya taso, irin na jakarsa ranar da ya fara zuwa soronmu, sai da na dafa bango. Na san in na bar zare ɗaya, ko wanda bai kai gashin ido ba, cikin mako guda zai cika kwalba, ni da hannuna na sha yin haka. Don haka ban yi wankin amarya ba. Na zuba musu tafasasshen ruwa, na ƙwaƙule da tsinke, na cuɗa da soso, na sake dafa kwalaben, audugar kuma na tura wuta. Har waɗanda ba ya sha ban bari ba, don na san in babu Gimbiya zai koma kan wata. Ina yi ina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri, kamar mai sallamar ƙawaye. Gajimaren nan da na yi shekara ina ciyarwa ya koma wani abu mai yauƙi yana bin kwata.

Gwangwanin biskit ne ya rage. Na buɗe, ga jan kunnen nan, ya bushe amma yana nan da sheƙinsa. Na ɗaure shi a bakin zanena. Na ce zan kai Ƙofar Dumi in ɓoye, in ya warke in fito masa da shi, ya rungume ni, labari ya ƙare da daɗi. Na yi taku uku zuwa ɗaki. Sai babbarku ta motsa a cikina, na tsaya. Na san kaina. Ranar da ya dube ni da muryar nan tasa ya ce Zulai ina yake, ba zan iya ba, zan kwance in ba shi. Na koma bakin murhu na kwance na jefa. Bai kama da wuri ba, sai da ya yi ta hayaƙi. Littafinsa kaɗai ban taɓa ba. Na shimfiɗa tabarma a rana na kife kwalaben a jere, na zauna a gefe ina jira.

Ba shi kaɗai ya dawo ba. Inna ta gan shi a hanya, yanayinsa ya tsorata ta, ta biyo shi a tasi. Su biyu suka yi sallama. Inna ta fara ganin tabarmar.

“Innalillahi! Ke Zulai, me zan gani haka? Ba waɗannan ne yaron nan ya ƙare ƙuruciyarsa a kansu ba?” Ta leƙa ɗakin, ta ga katakai wayam, ta juyo. “Dube ni nan. Da gangan kika yi?”

Na dubi Malam. A yadda Inna take ji da shi, in na ce e, a ranar zan kwana Ƙofar Dumi, kuma ban san ranar dawowa ba. Malam bai dube ni ba. Ya taka a hankali har bakin tabarma, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki kwalba ɗaya, ya ɗaga ta saitin rana yana juyawa, yadda ya koya mini a duba. Ya kalli tukunyar da ke kan wuta. Ya kalli tokar auduga. Wanda ya ga datti kawai ba ya dafa kwalba sau biyu, kuma ya san haka. Ya mayar da ita inda take, ya kife ta daidai da sauran.

“Bar ta, Inna. Amarya ce. Ta ga datti ta wanke.”

Shekarata biyu a gidan, ga ciki ya fito, wai amarya. Inna ta yi ta salati tana faɗin wautar 'yan matan zamani masu karatun littafin banza. Shi kuwa ya zauna a bakin rijiya, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Tasin da ya kawo Inna ya tafi? A ce wa Madam ta tsayar mana da wani.”

Kun ji inda labarinku na Sallah ya samo asali. Babanku ne ya ƙirƙire shi a tsaye, da idonsa ruwan ɗorawa, don ya rufa mini asiri, ya kuma ci gaba da ba da shi har kuka haddace.

A ranar aka ba shi gado. Ya daɗe a kwance, ana ƙarin ruwa, ni da Inna muna karɓa-karɓa. Likita ya ce mun zo a kan gaɓa. Na bi shi har baranda na tambaye shi, ciwon ne ya kai shi haka ko abin da yake sha? Ya ce ba zai iya rabewa ba, mai yiwuwa ɗaya ne, mai yiwuwa duka biyun. Lokacin da aka haifi babbarku ya fara iya takawa zuwa masallacin unguwa, shi ya yi mata huɗuba da bakinsa. Ya rayu shekara ashirin da biyu bayan haka, ya ga auren biyu daga cikinku. Wannan shi na saya, kuma ban taɓa cewa ya yi tsada ba.

Amma ku san abin da na bayar. Da aka janye yajin aiki bai koma ɗakin gwaje-gwaje ba, ya nemi a mayar da shi koyarwa a sakandare. Ɗakin kwalabe ya zama wurin ajiye buhun masara. In laimar kwaɗi ta tsiro a tsakar gida da damina, kewaye ta yake yi ya wuce kamar bai gani ba. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa hana ni komai ba, kun shaida. Sai dai muryar nan da ya ce mini “Taɓa” da ita, wadda saboda ita na aure shi, ban ƙara jin ta ba. Ni ma a shekarar na daina karɓo littafin haya, ba wanda ya hana ni. Kwanakin baya wata jikata ta nuna mini a waya cewa har yanzu masana suna neman maganin bairos a jikin irin waɗannan halittu, na ga hoton wani ja mai sheƙi kamar ita, na ce ta kashe. Ban sani ba ko Gimbiya magani ce. Wataƙila na zubar da abin da zai ceci mutanen da ban san su ba, don in ceci mutum ɗaya da na sani. Littafinsa yana ƙasan akwatina, wanda ya iya karanta irin rubutun ya zo ya ɗauka.

Sau ɗaya tak muka yi maganar, bayan shekara goma sha bakwai. Wata Asabar ce da hantsi, kuna makarantar allo. Yana rumfa yana duba takardun jarrabawa da jan biro, ni ina gefe ina tsintar shinkafa a faranti. Bai ɗago kai ba.

“Zulai.”

“Na'am, Malam.”

“Ranar nan. Kin bar ko ɗaya?”

Ban tambaye shi wace rana ba. “Ban bari ba.”

“Na gwangwanin fa?”

“Murhu na sa shi.”

Ya ja layi a takardar da ke gabansa, ya rubuta maki, ya kewaye shi.

“Na nema, kin sani. Da aka sallamo ni wata guda ina nema. Bayan randa, ƙarƙashin gado, har cikin kwallayenki.”

“Na sani. Ina kallonka.”

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauko takarda ta gaba ya gyara mata zama a gwiwarsa.

“Da na samu, da na sha,” in ji shi.

Daga nan ya tambaye ni shinkafar da wake za a yi ko da miya. Na ce da wake. Na ci gaba da tsinta, amma farantin ya riga ya dushe mini, ba na bambance tsakuwa da ƙwaya, haka na wanke na zuba a tukunya. Ranar ce kuka yi ta mitar tsakuwa a abinci, har autarku ta ce haƙorinta ya kusa fita. Babanku, Allah ya haskaka makwancinsa, ya cinye nasa tas, ya miƙo kwano a ƙara masa.